Nonon Shekarar Yunwa

Sallama gare ku 'yan uwa masu bin labarin nan, da ma wanda yau ya fara leƙowa. Na ga saƙonninku, masu cewa na yi shiru da yawa da masu tambayar ko ankon biki ya fito. Ku yi mini haƙuri. Gajiya ce ta hana ni, irin wadda barci ba ya sauke ta. Ku gyara zama, yau zan faɗi abin da ke cina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi'a, 'yar Malam Abdu Nagoggo mai hatsi a kasuwar Jibiya. Na haura talatin, ban taɓa aure ba, kuma shekara ta shida ke nan ina fama da digiri na uku a fannin nazarin zamantakewa. In na faɗi haka a gidan suna sai a kalle ni a ce Allah ya kyauta. Dangin Mama sun riga sun yanke hukunci cewa gulma nake karantawa a jami'a, tunda aikina shiga gidajen mutane in tambayi wa ya auri wa. Ban taɓa yi musu musu ba, don da 'yar gaskiyarsu.

Abin da nake bincike a kai shi ne yadda aure da zumunci suka riƙa ƙetare iyaka tsakanin Jibiya da ƙasar Maraɗi a shekarun 1950, lokacin da nan ke hannun Ingilishi can kuma hannun Faransa. Babi uku sun wuce da ƙyar, na huɗu ya tsaya mini a wuya. Duk sanda na kai wa Farfesan da ke duba aikina sai ya dawo mini da shi ja-wur da biro, a samansa ya rubuta: ina matan? Wai na cika kundin da hirar tsofaffin maza, masu jakai da masu fito da gyada, babu muryar mace ko ɗaya da ta ga zamanin da idonta. To a ina zan samo su? Yajin aiki ya cinye mini shekara, rashin tsaro ya rufe hanyar ƙauyuka, su kuma tsofaffin ba jira na suke yi ba. Wadda aka yi mini kwatancenta a ƙauyen Kusa, ranar da na samu mai raka ni na tarar ana sadakar ukunta. Na ci gumba na dawo gida.

A gidan kuwa ba a cewa komai. Mama ta daina faɗa ta koma ajiyar zuciya, wadda ta fi faɗan ciwo. Kwanonin da ta tara mini tun ina sakandare ta raba wa ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Luba da na goya da bayana, yanzu 'yarta ta fara ƙirgen dangi. Manema sun zo, ba a rasa ba, sai dai kowanne da sharaɗinsa guda: in ajiye karatun nan da ba ya ƙarewa. Baba kaɗai ya tsaya mini. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, wadda ta rasu yana jinjiri, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. In Mama ta dame shi sai ya gyara hularsa, wadda kullum yake karkato ta ta rufe saman kunnensa na hagu, ya ce a ƙyale uwarsa ta gama abin da ta fara. Kunnen nan akwai ɗan guntu da babu a samansa. Muna yara in mun tambaya sai ya ce ɓera ne ya gutsura don ya kwanta bai wanke hannu ba, mu kuma mu ruga mu wanke namu.

A wajen aikin nan na haɗu da Ummaru. Na je Magama, bakin shingen iyaka, da 'yar rikodata ina tambayar direbobi wace ƙasa suke ji tasu ce. Shi dillali ne mai tsallakar da motocin wake da albasa, ya san kwastan na nan, ya san 'yan duwan na can. Da na tambaye shi sai ya ce da safe ɗan Najeriya ne, da rana ɗan Nijar, in ya koma gida kuma ɗan Inna ne. Ya girme ni sosai, furfura ta fara fito masa a gemu, matarsa ta rasu bai sake aure ba. Abin da ya kama ni, bai taɓa tambaya ta yaushe zan gama ba. Me ya rage yake tambaya. Duk wadda ta taɓa yin dogon karatu ta san bambancin tambayoyin nan biyu.

Ina son shi, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Mutumin da ya kira kafinta ya buga kanta a ɗakin da zan zauna, ya ce masa ba ta kwalla ba ce ta littattafai ce, ya za a yi in ƙi son shi? Dakta yake kira na tun ba a ba ni ba. In na ce ya bari kar ya jawo mini baki, sai ya ce shi ya riga ya ba ni, jami'a ce ta makara.

Shi ya kai ni wurin mahaifiyarsa, Inna Hajjo, da ya ji ina kukan rashin tsofaffi. Shi ne autanta, ta haife shi bayan ta cire rai da haihuwa. Ta tsufa ƙwarai, idanun sun yi hazo, ba ta fita ko ƙofar gida, amma kanta garau. A Mazanya, wani ƙauye nan kusa da Jibiya, ta yi auren fari, daga baya ta yi aure a Ɗan Isa cikin Nijar, can ta ƙare ƙuruciyarta, sai da ƙarfi ya ƙare Ummaru ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa na Magama. Kullum tana kan tabarma a ƙarƙashin 'yar rumfa, da gwangwanin da aka huhhuda mata tana goge goro a kai tunda haƙora sun tafi. Na zo da kunyata ta suruka, mayafi har goshi, ta sa hannu ta janye shi. Ta ce in daina wahalar da kaina, ita ba ta jin ni suruka, jika take ji na.

Babi na huɗu ya fara numfashi. Ta ba ni labarin yadda ake kai amarya a kan jaki ta hanyar rafi don kar sojan Faransa su tsayar da 'yan rakiya, da yadda mace ke zuwa wankan gida a wata ƙasa ta dawo da jinjirin da ba wanda ya san na Ingilishi ne ko na Faransa. A can gida kuma magana ta kankama. Baffannin Ummaru sun zo, Baba ya karɓe su a soro, aka sa rana bayan Babbar Sallah, aka ce lefe ranar Asabar. Mama ta koma rera waƙa a kicin. Ni kaina na fara yarda cewa wahala tana da ƙarshe.

Akwai wani yaro da Inna Hajjo ke yawan saka wa a hira ba ta faɗin sunansa. Baƙona take ce masa. In na matsa sai ta kau da kai ta ce ita ba mara kunya ba ce. Kun san al'adar, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ni kuwa da karambanin 'yan boko sai murna ta kama ni, na ce ga misali mai kyau na alkunya zan saka a kundi. Da ma jami'a ta wajabta mana canza sunan duk wanda ya ba mu labari, sai na ce a raina tsohuwa ta rage mini aiki. Ban ƙara bin zancen ba.

Ana cikin satin lefe na je mata da hantsi. Ummaru ya shiga Maraɗi sayen sauran kaya, shadda da turare. Na sa wata atamfa ruwan goro da na daɗe ban sa ba, na dama mata kunun gyada na zuba a jug. Ta sha, ta sa mini albarka, na kunna rikoda na ajiye a gefen tabarma. Na ce yau shekarar yunwa nake so ta ba ni labari, wadda aka yi a farkon shekarun da nake bincike a kai. Su ba su san ta da lamba ba, shekarar yunwa kawai suke ce mata.

Ta ce in dai shekarar nan ce, to labarin baƙonta ne, babu wani.

Ta ce tana amarya a Mazanya damina ta ƙi, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. Tafasa suka ci, suka ci dusa, suka tona gidan tururuwa suna neman tsaba, wanda ya samu garin rogon da ake kawowa daga Kurmi shi ne mai arziki. Cikin haka ta haihu, ɗan bai kai suna ba ya koma. Nono na zuba babu mai sha. Mutane kuma na ta kwararowa daga ƙasar Faransa suna yin kudu, mata da yara, a ƙafa. Wata rana da safe aka tarar da wata mata ta faɗi a ƙofar gidansu da jinjiri a baya. Aka shigo da ita, aka ba ta ruwa. Ta samu ta faɗi sunan yaron, ta ce Katsina za ta wurin dangin mijinta, kafin azahar ta cika.

"Uwar mijina ta ɗauko shi ta aza mini bisa cinya," in ji Inna Hajjo. "Ta ce ga mai nono ba ɗa, ga ɗa ba nono, mi ake jira? Ya kama kamar ya san ni. Ɗiyata, ni ban ci na ƙoshi ba, amma wanga yaro bai kwana da yunwa ba ko dare guda."

Ina zaune ina jin daɗi, Allah ya sani. Ina cewa a raina ga abin da Farfesa ke nema, zumuncin da ya ƙetare iyaka ta hanyar nono. Har na fara tsara yadda zan buɗe sashen.

Ta ci gaba, ta ce tsofaffin gidan suka ce mutuwa ta san hanyar ɗakinta, tunda ta ɗauki na farko za ta dawo ɗaukar wannan. Sai a yi masa shaida yadda in ta zo za ta ga an riga an ɓata shi ta ƙyale. Aka kira wanzami. Ita ta riƙe yaron da hannunta, aka yanke ɗan guntu a saman kunnensa. Ta ce shi ya yi kukansa ya gama, ita ta kwana tana nata.

Na tambaye ta wane kunne. Ta ɗaga hannu ta kama saman kunnenta na hagu, daidai wurin da hular Baba ke rufewa.

Na ce wa kaina, Rabi'a nutsu, masu yankakken kunne a ƙasar nan suna da yawa, ba a kan Baba aka fara ba. Na sha sauran kunun da ta rage don in samu yawun magana. Sannan na tambaye ta ina yaron ya ƙare.

Ta ce an aika saƙo Katsina ta bakin fatake, shiru, har ta sakankance ya zama nata. Ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ana shirin yaye sai ga ƙanwar ubansa ta sauko daga motar gyada ta ce ta zo ɗaukar ɗansu. Babu yadda za ta yi, jini ya fi nono ƙarfi a gaban mai gari. Mijinta kuma da ya tafi ci-rani tun cikin yunwar bai dawo ba, aka raba auren, aka kai ta Ɗan Isa. Tun daga ranar ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta haifi nata da yawa bayan nan, amma a wurinta shi ne ɗan farinta, shi take wa kunya.

"Ita matar da ta ɗauke shi fa, Inna, kin tuna sunanta?"

"Ita ai ba ni jin kunyarta. Barira. Doguwa, mai wushirya, tana warin daddawa."

Jama'a, Goggo Barira ce ta raini Baba a Katsina, saboda ita ake ce masa Nagoggo. Na riske ta da rai, na ci daddawarta, na yi wasa da wushiryarta da yatsana.

Ban san yadda na kashe rikodar ba. Na ce mata kaina ke ciwo. Ta lalubo fuskata ta shafa, ta ce karatun nan zai kashe ni, in je in kwanta, amarya ba ta rama.

Ba sai na je wurin malami ba, tun a Islamiyya aka koya mana: abin da haihuwa ta haramta, nono ma ya haramta shi. Matar da ta shayar da kai uwarka ce, duk 'ya'yan da ta haifa, kafin kai da bayan kai, 'yan uwanka ne. Baba ɗan Inna Hajjo ne. Ummaru ƙanin Baba ne. Ni kuma 'yar wansa ce, babu aure tsakaninmu har duniya ta tashi. A kan kabu-kabu na riƙa juya lissafin nan daga Magama har Jibiya, muna ratsa motocin da suka yi layi da masu jarkokin mai, ina neman inda zai ɓalle. Shekara shida ina zana jadawalin dangantakar mutane, ban taɓa zana wanda ya fita tsaf kamar wannan ba.

Yanzu ga inda nake so ku ji ni da kyau, kar ku ce na nuna muku kaina a waliyyiya. Na yi niyyar yin shiru. Wa ya sani in ba ni ba? Inna Hajjo ba ta fita, ba ta gani sosai, ba kuma za ta taɓa kama sunan ba. Baba ba zai shiga cikin gidan surukai ba, in ma ya shiga hularsa na kansa. Ummaru bai san Goggo Barira ba. Ga kuma ƙa'idar bincike da na sa wa hannu a jami'a, cewa ba zan ɗauki maganar wanda ya ba ni labari in kai wani gida ba. Na riƙe wannan ƙa'idar da hannu bibbiyu, ni da na sha yi mata tsaki. Na ce amana ce, ba ni da ikon faɗa.

Na ma yi abin da ya fi haka. Na zauna na rubuta labarin tsaf, na canza Mazanya, na canza Barira, na mai da kunnen hagu na dama, na tura wa Farfesa. Wannan mutumin da ke wata guda bai buɗe saƙona ba, ranar kafin la'asar ya amsa. Ya ce wannan ita ce zuciyar kundin, in ƙarasa babin a kanta, in sha Allah bana zan kare aikina a gaban malamai. Na daɗe ina jiran kalmar nan daga bakinsa. Na karanta na kife wayar na juya bango.

Ummaru kuma bai bar ni na huta ba. Hoton akwatuna yake turo mini ɗaya bayan ɗaya, ruwan toka, an jera su a tsakar gidansa. Ya turo hoton wani leshi ruwan zuma ya ce wannan na ranar karɓar digiri ne, kar in kuskura in ɗinka shi kafin nan. Ya turo hoton kantar littattafan an shafa mata fenti. Da ya ga ba na amsawa sai ya rubuto: "Dakta, ko babi na huɗu ne ya sake tashi? Ki gaya masa saura kaɗan ya samu mai gida." Na rubuta masa lafiya lau, gajiya ce. Ba ƙarya na yi ba.

Kwanakin nan na yi su kamar mai jinya. Mama ta sa an yi wa ɗakin baƙi shafe, an soya cincin da dubulan na tukuici, an yanka kaji. In ta wuce ni sai ta ce in saki fuska, kowace amarya da haka take farawa. Ina tsayawa sallah sai lissafin ya zo ya tsaya a gabana. Na iya yi wa Mama shiru, na iya yi wa Ummaru, amma na rasa yadda zan ɗaga hannu in roƙi albarkar auren da na san abin da ke ƙarƙashinsa. Duk da haka ban yi magana ba. Na gaji, 'yan uwa. Na gaji da zama wadda ake wa jaje a bikin ƙannenta, na ce a raina sau ɗaya dai a bar ni in samu.

Ranar Asabar da safe gida ya cika da mata. Mama ta miƙo mini kwanon fura ta ce in kai wa Baba soro. Na same shi wanzami ya gama yi masa aski ya tafi, yana zaune a kan buzu, hular na gefe a kan buhun gero. Hasken ƙofa ya sauka a kan kunnen. Na durƙusa na ajiye furar, na zauna a gefe.

Akwai ɗan zaren da nake riƙe da shi har lokacin. Na ce wataƙila zai ce mini a Katsina aka haife shi, ko akuya aka tatsa aka ba shi, ko da gaske ɓeran ne. Na ce masa, Baba, yau ban da zancen ɓera, me ya sami kunnen nan?

Ya yi dariya, ya ce sai yau da zan bar gidan na tuna? Sannan ya shafa wurin da yatsa, dariyar ta tafi. Ya ce Goggo Barira ba ta gaya masa ba sai da ya yi gemu. Wata yarinya ce a Mazanya ta shayar da shi cikin yunwa, a hannunta aka yi yankan. Goggo ta ce ranar da ta ɗauko shi yarinyar ta bi motar gyada da gudu har ɗankwalinta ya faɗi. Ko sunanta Goggo ba ta riƙe ba.

"Uwata, kin san abin da ya kawo ni Jibiya? Kina tsammanin hatsi ne? Hatsi akwai a Katsina. Ita na zo nema. Na je Mazanya aka ce ta yi aure cikin Faransa tun da daɗewa, gidan ma ya watse. Sai na zauna nan bakin iyaka, na ce wataƙila wata rana ta zo cin kasuwa. Shekarun nan duk, tsohuwar da ta tsaya gaban rumfata daga can ƙetare ban taɓa auna mata daidai ba, sai na ƙara, ko ita ce."

Na sunkuyar da kai. Ya ce ya san yanzu ta daɗe a ƙasa, kullum yana saka ta a addu'a tare da mahaifiyarsa. Abu ɗaya ne ke masa ciwo, zai mutu bai durƙusa gabanta ya ce na gode ba. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama, amma ni da nake yawon tambayar tsofaffi, in Allah ya sa na ji labarin inda kabarinta yake, in gaya masa ya je ya tsaya a kai.

Wayata ta yi ƙara a cikin mayafi. Na duba. Ummaru ne: "Mata sun gama shiri, an loda akwatuna, yanzu za su taso. Inna ta ce a gaida jikarta."

Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa, tana gwada murya. Baba ya jawo kwanon fura ya buɗe, ya ɗauki ludayi, ya ce mene ne, ko angon ne ya kasa haƙuri?

Na ƙara kallon kunnen nan sau ɗaya. Na miƙa hannu na ɗauko hular daga kan buhu, na karkaɗe ta na riƙe, ban ba shi ba.

"Baba, ajiye furar. Tashi mu je Magama, kafin motar lefe ta taso."

"Magama kuma? Yau? Uban amarya ya je gidan surukai ranar lefe, Uwata, ina aka taɓa yi?"

"Ba gidan surukai za ka ba," na ce. "Tana nan da ranta. Hular ma bar ta a hannuna, ba ta gani sosai, sai ta shafa."